Minti Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Wanki

SHAFI NA 9

Na ga saƙonninku, har da na masu zagi. Masu cewa ina ja muku rai ku yi haƙuri, ku karantawa kuke yi, ni kuwa uwata ce. Ke kuma da kika ce a saya wa tsohuwa sabon inji kowa ya huta, da gani ba ki taɓa zaman benen haya ba. Injin ba nata ba ne. Na gida ashirin da huɗu ne, yana ɗakin wanki a ƙasan benen, kowa da ranarsa da awanninsa.

Don waɗanda yau suka iske mu: sunana Vendela, Mama kuma Gunvor, shekararta saba'in da takwas, ita kaɗai take zaune a gida na tara. Tun watan Maris sau tara tana rubuta ƙorafi cewa injin busar da kaya yana mace mata ana tsakiyar aiki. Duk benen ba wanda yake yi wa haka sai ita. Yayana Torkel ya tattara takardun nan tara, ranar Litinin zai shimfiɗa su a gaban jami'ar kula da tsofaffi, ya ce kan Mama ya fara taɓuwa, a ɗauke ta daga gidan da ta yi shekara arba'in da ɗaya a ciki. Takarda ɗaya ta rage masa, ta Sixten mai kula da benen, wadda za ta ce injin lafiyarsa ƙalau. Ita na zo garin Sundsvall in hana.

To, ranar Alhamis.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyu muna tsaye a bakin ƙofar ɗakin wanki, ni riƙe da kwando, Mama riƙe da agogonta. Na duba allon da ke jikin bango, inda ake kama lokaci. Daga goma zuwa ɗaya babu lambar gidan kowa, daga ɗaya zuwa huɗu kuma tara ce, ta Mama.

"Mama, ba kowa a ciki. Mu shiga mana."

"Lokacina bai yi ba."

"Minti biyu fa."

"Ko rabin minti ne ba nawa ba ne."

Sai da ɗaya ta cika cif ta miƙo mini ɗan makullin robarta. Na kara shi a jikin ƙofa, fitila ta yi kore, muka shiga. Na jefa makullin a aljihuna.

Mama ta zuba tawul shida a injin wanki ta kunna. Muna nan Sixten ya shigo da akwatin kayan aikinsa, taba cushe a ƙarƙashin leɓe kamar kullum. Tun ina yarinya na san shi da gemun nan, sai dai yanzu ya yi fari fat.

"Vendela. An girma."

"Shekarata hamsin da ɗaya, Sixten."

"Ai shi na ce."

Ya ajiye akwatin a kan benci, ya ɗora tarin makullansa a kai, ya durƙusa gaban injin busarwar yana nishi.

"Gunvor, kar ki ji haushi, doka ce in tambaya. Kina share rariya in kin gama?"

Mama ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni kake tambaya?"

"Na ce doka ce."

"Zaro ta ka gani. In ka sami zare ɗaya a ciki, ka ɗauke ni da kanka ka kai ni inda Torkel yake so."

Ya zaro rariyar da ke tare ɓurɓushin kaya, ya ɗaga ta saitin fitila. Tas take. Ya zaro tankin ruwa, babu ko ɗigo. Ya ja injin gaba, ya kwance bayansa, ya haska tocila.

Ni kuwa ina kansa, ina addu'ar ya ga wani abu. Ban taɓa son ganin abu ya lalace a rayuwata kamar ranar nan ba.

"Bel ɗin da ke juya gangar fa?" na ce.

"Sabo ne."

"Ko zafi yake yi ya kashe kansa? Na karanta cewa in iska ba ta fita..."

"Iska tana fita. Sa hannunki nan."

"Maƙallin ƙofar fa? In ya saki ai injin zai ɗauka an buɗe shi."

Ya ɗago ya dube ni.

"Sau biyu na canja shi. Kin karanta da yawa a jirgi, na gani."

Ya mayar da komai ya ɗaure. Ya jiƙa tsummokaransa a famfo, ya matse, ya watsa a ciki, ya danna. Injin ya ɗauka. Muka zauna a benci mu uku muna kallonsa kamar masu jiran likita. Minti ashirin da biyar yana juyi lafiya lau, ko tari bai yi ba. Raina ya ɓaci sosai.

Sixten ya kashe shi da hannunsa ya kwashe tsummokaran.

"Yanzu naki, Gunvor."

Wankin Mama ya riga ya gama. Na ce ni zan zuba. Na ɗauki tawul ɗin ɗaya bayan ɗaya na kakkaɓe, na shafa, don kar a ce wani abu ne ya maƙale. Babu maɓalli, babu zif, babu komai sai auduga. Na rufe ƙofar da ƙarfi har sai da ta yi ƙara.

"Ita za ta danna," in ji Sixten.

Mama ta miƙe. Ta danna, ta duba agogonta, ta koma ta tsaya daga bakin ƙofar ɗakin, ba ta dawo benci ba.

Minti ɗaya. Minti biyu.

A na uku na ji shi.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ya yi shiru. Sai kuma ya sake, sau uku.

"Sixten, ka bar sukundireba a ciki ne?"

Bakinsa da ke motsi tun shigowarsa ya tsaya.

"Tawul ne kawai a ciki," na ce. "Ni na zuba."

"Na gani."

Na matsa na leƙa ta gilashin. Tawul suna ta hawa suna faɗowa. Bugun ya sake zuwa, sai na gane ba daga cikin gangar yake fitowa ba. Daga ƙasa yake, daga siminti, dab da ƙafata. Tsigar jikina ta tashi, na ja baya.

"Bututu ne," na ce. "Tsohon bene ne, bututun ruwa ne."



Mama tana kallon agogo, leɓenta yana motsi. "Tara," ta ce a hankali. Can kuma, "Goma."

Tana cewa sha ɗaya injin ya mace. Ba sannu a hankali ba, lokaci guda. Ɗakin ya yi tsit. Muna kallo ƙofar injin ta saki, ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ɗumi ya fito.

Ba wanda yake kusa da shi. Ni ce mafi kusa, kuma hannuwana biyu suna cikin aljihu.

Sixten ya tashi ya duba lambar da ta fito a fuskar injin.

"Me ya ce?"

"Ya ce an buɗe ƙofa."

"Ta saki dai."

"In ta saki da kanta wata lamba yake nunawa. Wannan ta wanda ya ja da hannu ce."

Tsoro yana nan, ban musa ba, amma farin ciki ya danne shi. Na sami shaida.

"Shi ke nan. Ka gani da idonka. Ka rubuta cewa ya lalace."

"Bai lalace ba."

"Sixten, a gabanka ya tsaya."

"Ya tsaya. Amma bai lalace ba, kuma ni ban taɓa sa hannu a ƙarya ba."

Nan fa na hau. Na ce masa ya san abin da takardarsa za ta jawo. Na ce ya san ɗakin da za su sa ta, gado ɗaya, taga ɗaya, da wata yarinya mai zuwa tana tambayarta yau wace rana ce. Na ce shekara nawa yana shan kofinta yana cin burodin kirfarta. Ya bar ni na yi ta yi har na gaji.

Sannan ya juya wajen Mama.

"Gunvor. Ke za ki faɗa mata ko ni?"

"Ba ka da abin faɗa," in ji Mama.

Ya zaro walat daga aljihun baya. Daga bayan katin shaidarsa ya fito da wata 'yar takarda da aka ninke huɗu, duk ta cukurkuɗe. Ya miƙo mini.

Tun kafin in gama buɗewa na gane rubutun. Da shi aka rubuta sunana a duk rigunan makarantata.

*Majken, lokacinki ya ƙare ƙarfe ɗaya. Na tsaya minti goma sha ɗaya a bakin ƙofa. A riƙa duba agogo. A kuma share rariya. Gida na 9.*

Majken Öhrn ta gida na sha huɗu. Ita ce mai goma zuwa ɗaya na kowace Alhamis tun ina makarantar firamare, Mama kuma mai ɗaya zuwa huɗu. Ta rasu a watan Maris. Abin da aka gaya mini a waya shi ne ta faɗi, ba a ce a ina ba, ni ma ban tambaya ba.

"A ina ka samo wannan?" in ji Mama.

"A hannunta."

Mama ta dafa bango.

"Ni na buɗe ɗakin nan ƙarfe huɗu da kwata," in ji Sixten. "A gindin injin nan ta faɗi, tabaraunta yana can. Amma a bakin ƙofa na same ta, nan inda kike tsaye. Da hannu ɗaya ta ja jiki. Na zare takardar kafin masu motar asibiti su zo, ban nuna wa kowa ba."

Mama ta matsa daga wurin da sauri.

"Mama," na ce, "kin zo ranar?"

"Na zo a kan lokacina."

"Makullinki ai zai buɗe. Ɗaya ta wuce."

"Zai buɗe."

"To me ya hana ki shiga?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya hana ta fita tsirara.

"Injin yana juyi, Vendela. Mutum yana ciki da kayansa. Haka kawai sai in faɗa mata? Mu tsaya muna kallon juna, in ce mata me? Shekara bakwai ba ma magana."

"A kan me?"

"Rariya. Ba ta sharewa."

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, ban yi ko ɗaya ba.

"Kin ji bugun?"



"Na ji. Na ce zif ne. Tana da wata rigar sanyi mai ƙaton zif, kullum sai ta cika wa mutane kunne. Na tsaya ina duba agogo, ina ƙara jin haushi. Da na ga ba ta da niyyar fitowa na rubuta, na tura ta ƙarƙashin ƙofa." "Na hau sama na dafa kofi. Na ce yau na fasa wankin, ta ji kunya."

"Zobenta ne," in ji Sixten. "Bakinta ya riga ya mutu. Da zoben take buga siminti."

"Likita ya ce me?" Mama ba ta dube shi ba. "Ka sani. Kai aka gaya wa."

"Gunvor, bar shi."

"Faɗa mini."

"Ya ce ta kai wajen ƙarfe uku da rai."

Mama ta zauna a benci. Ban taɓa ganin ta zauna haka ba, kamar an zare mata ƙashin baya. Na zauna kusa da ita na kama hannunta, sanyi ƙalau. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don na san da ni ce a bakin ƙofar nan ranar, takardar zan rubuta. Ita ta koya mini.

"Kun ɗauka ban san abin da nake yi ba," ta ce. "Na sani sarai. Sau tara ina rubutawa don ina so wani ya buɗe bayan injin nan ya ce mini, Gunvor, waya ce ta tsinke. Waya kawai. In hau sama in yi barci."

Sixten ya cire tabar daga bakinsa ya naɗe a takarda. Ya daɗe yana kallon injin.

"Ba zan rubuta ya lalace ba," ya ce. "Amma zan rubuta abin da na gani. Ya tsaya a gabana a minti na sha ɗaya, ba wanda ya taɓa shi, ban gano dalili ba. Mai ƙorafi gaskiya ta faɗa."

Na ji kamar in rungume shi. Da wannan takardar, tara ɗin Torkel sun zama shara.

"Kin ji, Mama? Ba inda za ki. Tashi mu kwashe kayan nan mu shanya a banɗaki. Daga yau kuma a canja miki rana, ki koma Talata."

"A'a."

"Mama."

"Alhamis ce ranata." Ta miƙe, ta gyara rigarta. "Ku ɗan ba ni wuri."

"Wurin me?"

"Wata takwas ina zuwa ina tsayawa a bakin ƙofa ina duba agogo. Ban taɓa ce mata komai ba. Ban san ta karanta ba." Ta karɓi takardar daga hannuna. "Ku fita. Ba a yin irin wannan a gaban mutane."

Na dubi Sixten. Ya ɗaga kafaɗa. Na ce a raina, tsohuwa ce tana so ta nemi gafara a ɗakin da babu kowa, me zai faru? Kun tambaye ni a shafin baya wane abu na fi nadama. Wannan ne.

Muka fita. Ƙofar ta rufe a bayanmu.

Can muka ji injin ya tashi.

Na jingina da bango ina duba wayata. Minti uku, ba bugu. Bakwai. Goma. Sha ɗaya ta zo ta wuce, injin yana ta juyi.

"Ka ji?" na ce. "Ya wuce."

"Na ji."

Sha uku. Sha biyar. Murnata ta fara komawa ciki. Na ƙwanƙwasa.

"Mama? Ya yi. Fito haka nan."

Shiru, sai ƙarar injin.

Na zaro makullin robarta na kara. Fitila ta yi ja. Na goge shi a rigata na sake karawa. Ja.

"Uku ma ba ta yi ba," na ce. "Lokacinta ne har huɗu."

Sixten ba ƙofar yake kallo ba, allon bango yake kallo. Na bi idonsa. A layin ɗaya zuwa huɗu, inda ɗazu da idona na ga tara, yanzu sha huɗu ne a rubuce.

"Wa ya shiga gidan Majken?"

"Ba kowa. A rufe yake tun Maris. Makullin robarta yana ofishina a cikin ambulan."

"Buɗe da naka."

Ya shafa ƙugunsa, ya shafa aljihu. Fuskarsa ta canja. Makullansa suna ciki, a kan akwatin.

Na shiga dukan ƙofar da tafin hannu ina kiran Mama. Daga ciki ana iya buɗewa, murɗa hannu kawai za ta yi. Ba ta murɗa ba. Da na tsaya in ja numfashi sai na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, a natse, irin wadda take yi in ta yi baƙi.

A daidai nan muka ji takun takalmi a matakala. Torkel ne, da jakarsa ta ofis, yana kaɗa makullin mota.

"Na je sama ba kowa. Sixten, ina takardata? Ina da taro ƙarfe uku da rabi." Ya dube ni. "Ke kuma lafiya? Ina Mama?"

Na nuna ƙofar.

Ya saurara, sai ya girgiza kai, ya yi wani murmushin da tun muna yara nake ƙi.

"Kin ji da kunnenki ko? Ta kulle kanta a ɗakin wanki tana hira da inji. Har yanzu ni ne mugu?"

"Torkel, ƙofar ta ƙi buɗuwa."

"Za ta buɗu. Bari dai in ɗauki wannan, ranar Litinin kar ki ce ƙirƙira na yi."

Ya zaro wayarsa ya danna, ya durƙusa ya kara ta a ƙasan ƙofar, ya manna kunnensa a jikin katakon.

Ina kallonsa murmushin ya tafi. Ya ƙara manna kunnen. Wayar ta zame daga hannunsa ta faɗi a siminti, bai ko dube ta ba.

"Vendela," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Wa kuka bari a ciki da ita?"

"Ba kowa."

"To wace ce take amsa mata?"